Malama Rakiya da Labarin Birnin Wankakku

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar ƙawata Malama Rakiya ta Ƙofar Marusa. Waɗanda suka san ta a aji sun ragu ƙwarai, kuma kowa da abin da ya riƙe game da ita. Wasu suna cewa ba su taɓa ganin malama irinta ba. Wasu kuwa da an ambace ta sai su ce, "Ai ita ce wadda ta rubuta labarin nan da ya ƙona yarinya." Mun zauna ɗakin malamai ɗaya da ita, ina kuma kusa da ita har ranar da ta cika. Ina ganin ya kamata in faɗi abin da na sani tun ina da sauran hankalin faɗa.

Mun fara koyarwa tare a wata makarantar 'yan mata ta kwana a nan Katsina, a shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan. Ni ina koyar da lissafi, ita Hausa. Wanda bai ga lokacin ba zai yi wuya ya gane yadda gari ya sauya cikin ɗan lokaci. Babura suka cika titi, kowane shago rediyo mai kaset yana ta ihu, ana rushe katangar ƙasa ana ɗora bulo. Maƙwabcin da kuka sani da keke sai a wayi gari ya zama ɗan kwangila, ya sauke farali, an soma kiransa Alhaji. A daidai lokacin kuma fari ya kori mutanen ƙauye zuwa cikin gari, suka zama lebura da masu turin ruwa a bakin Ƙofar Guga, suna haɗa simintin gidajen da ba za su taɓa kwana ciki ba.

Duk wannan ya biyo 'yan mata har cikin aji. Akwai waɗanda ake kawowa a mota, akwatinsu cike da madarar gwangwani da sabulu mai ƙamshi da man nan na sa fata haske, wanda a lokacin ya fara yawa a kasuwa. Akwai kuma 'yan ƙauye da gwamnati ta matsa a tura makaranta, masu zuwa da akwatin kwano da ƙullin ƙuli-ƙuli, da yawansu da tsagar gado a fuska. Abin da ya fara damun Rakiya shi ne sunaye. Yarinya za ta zo zangon farko sunanta Kande ko Ladidi, ta dawo zango na biyu ta ce a gyara rajista, ita yanzu Zainab ce. Idan uwarta ta zo ranar ziyara, sai ta ja ta can bayan ɗakin girki su gaisa a tsaye.

Rakiya gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, kullum da alli a gefen mayafinta. 'Yar cikin birni ce gaba da baya, mahaifinta malamin zaure ne, kuma bai yarda an yi wa 'ya'yansa tsaga ba, don haka fuskarta sumul take. Tana da karatu fiye da mu duka. A kwaleji ta ci karo da wasu littattafan Turanci da ake rubuta wa matasa, masu ba da labarin wata duniya ta gaba da ta lalace, inda hukuma ke mallakar mutum har tunaninsa. Ta ce mini irin wannan labari yana kama yaro ta inda wa'azi ba ya kama shi, domin yaro ba ya jin da shi ake, sai ya kai tsakiya ya ga kansa a ciki. A manhaja kuwa babu irinsa da Hausa, duk labaran da ne. Sai ta zauna ta rubuta nata.

Ta sa masa suna Birnin Wankakku. Wani gari ne na nan gaba da arziki ya yi masa yawa, babu mai yunwa, babu mai tafiya a ƙasa. Masu mulkin garin suka ce duk fitinar duniya daga bambanci take, don haka duk wanda ya cika shekara goma sha biyar sai a kai shi Gidan Wanki. A can ake goge masa tsaga da duk wata alama ta fuska, a gyara masa harshe ya yi magana irin ta kowa, a karɓe sunansa a ba shi lamba. Idan ya fito ya zama Wankakke, a ba shi gida da mota, amma ko ya haɗu da uwarsa a hanya ba zai gane ta ba. Waɗanda ba a kai ba tukuna ana kiransu Masu Tabo. Jarumar labarin wata yarinya ce Gambo, mai tsaga irin ta kakarta, wadda lokacinta ya ƙarato, ta fara tunanin gudu.

Tana buga shi kashi-kashi a keken rubutu, a gurza kwafi-kwafi a injin buga takardu na makaranta, duk ranar Alhamis ta raba wa 'yan aji uku su karanta tare. Na sha tsayawa bakin taga ina kallo, don ajina yana kusa da nata. Ban taɓa ganin yara sun nutsu haka ba. Ranar da aka karanta inda yayar Gambo ta fito daga Gidan Wanki ta wuce kakarsu a bakin titi ba ta ko waiwaya ba, yara da yawa sun yi kuka, har da 'yan motar. Bayan karatu sai ta jefa musu tambaya: idan an ba ki gida da mota a karɓe sunanki, riba kika ci ko hasara? Su yi ta musu har a buga ƙararrawa. Rubutunsu ya gyaru, yaran da ba sa buɗe baki a aji suka fara ɗaga hannu. Rakiya tana dawowa ɗakin malamai fuskarta kamar an yi mata albishir.

Ni dai tun farko hankalina bai kwanta ba, kuma na gaya mata. Na ce, "Rakiya, yaran nan da ke da tsaga a ajin, kin lura duk lokacin da aka ambaci Gambo su ake juyowa a kalla?" Ta ce, "To ai shi nake so, Asabe. A kalle su a ga jarumai." Ban iya musu da ita ba, ba a cin Rakiya da baki.

A cikin ajin akwai wata yarinya Tabawa, daga wani ƙauye ta yamma da gari. Doguwa ce, baƙa, da tsaga jere a kowane kunci, ga ta da kan lissafi. Ita kaɗai ce cikin 'yan ƙauyen ba ta nemi a sauya mata suna ba. Wata Alhamis Rakiya ta kira ta gaban aji, ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ku dubi fuskar nan da kyau. Wannan tarihi ne a rubuce, ya fi duk abin da ke cikin kwalaben manku daraja." Tabawa ta sunkuyar da kai. Rakiya ta ɗauka kunya ce irin ta wanda aka yaba.

Abin da ba mu sani ba shi ne, labarin ya bi yaran har ɗakin kwana, kuma a can ya juye. Waɗanda suka yi wa Gambo kuka da safe, da yamma sai su zama ma'aikatan Gidan Wanki. Makaranta ta rabu, Wankakku da Masu Tabo. Da farko wasa ne, suna ba juna lambobi, suna gaisawa da irin gaisuwar cikin labarin. Daga baya ya zama ranar Asabar wajen wanki a bakin famfo sai a tare yarinya mai tsaga, wasu su riƙe hannuwanta, wata ta dirje mata fuska da soso da sabulun wanki, saura suna tafi suna cewa an wanke ta. Tun ranar da aka tsayar da Tabawa gaban aji ta zama Gambo a bakin kowa, kuma ita aka fi tarewa. Babu yarinyar da ta kawo ƙara. Da yawa cikin masu dirzar nan, iyayensu mata suna da tsaga irin wadda suke dirzawa.

Wata Asabar da hantsi aka aiko a guje cewa mu zo. A ɗakin da ake koya wa yara girki da haɗa sabulu akwai sodar sabulu mai cin fata a ajiye. Tabawa ta ɗebo, ta kwaɓa da man hasken fata da ta samu wurin wata, ta shiga banɗaki ta shafa a kuncinta na dama, ta danne da tsumma. Ta jure har inda ɗan Adam zai iya jurewa kafin ta yi ƙara. Lokacin da muka isa, fatar ta riga ta saɓule. Rakiya ce ta riƙe kanta a cinya a bayan motar makaranta har asibiti, tana ta zuba mata ruwa. Allah Ya tsare idon, amma kuncin ya tafi.

Mahaifin yarinyar ya iso washegari, wani dattijo manomi da tsaga irin ta 'yarsa. Mun yi zaton zai yi faɗa. Ya gaishe mu gaisuwa mai tsawo, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, sannan ya shiga ya daɗe yana kallon 'yarsa. Da ya fito sai ya dubi Rakiya ya ce, "Malama, ɗiyata na kawo maku lahiya lau. Mi ta gani ga huskarta da har ta ƙi ta haka?" Rakiya ta durƙusa a gabansa a barandar asibiti, ta ce, "Baba, laifina ne." Ya ce, "Tashi, ɗiyata. Ni ba laihi nike nema ba, tambaya na yi." Da aka sallami Tabawa ya tafi da ita gida, ba ta ƙara dawowa makaranta ba.

Aka turo masu bincike. Sun fi damuwa da cewa an koyar da abin da ba ya cikin manhaja, da kuma wasu wurare a labarin da suka ce kamar da gwamnati ake. Yaran da suka yi dirzar an yi musu faɗa a taron safe, shi ke nan, don iyayensu ba waɗanda ake kora wa 'ya'ya ba ne. Aka tattara duk kwafin labarin daga akwatunan yara aka ƙone a bayan ɗakin girki. Rakiya kuwa aka cire ta daga aji aka mayar da ita wani ofis inda ake ajiyar littattafai da kayan makarantu. Ba ta ɗaukaka ƙara ba. Wasu malamai sun so su rubuta takardar goyon bayanta, ta hana.

A wannan ofishin ta ƙare aikinta. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, da la'asar tana koya wa matan unguwa karatu da rubutu a tsakar gidanta, amma ba ta ƙara rubuta labari ba. Mun sha yin musu a kan abin. Ni ina ce mata muguntar tana nan tun kafin ta zo, ita kuma ta ce haka ne, amma ita ce ta ba muguntar suna da tsari, ta kuma nuna mata wadda za ta kama. Wani lokaci kuma sai ta juya ta kare labarin da zafi, ta ce gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya faru a bakin famfo shi ne shaidar cewa gaskiya ta faɗa. Har ta rasu ba ta tsaya a gefe ɗaya ba. Duk shekara bayan girbi takan shiga motar haya ta je ƙauyen su Tabawa da turmin atamfa da sabulu. Na raka ta sau da yawa. Tabawa ta yi aure a can, ta hayayyafa, tana rufe gefen fuskarta da mayafi. Takan shimfiɗa mana tabarma ta dama mana fura, a yi hirar damina da ta yara. Ban taɓa jin ɗayansu ta ɗauko maganar makaranta ba.

Ina yawan tunanin abin da Rakiya za ta ce da ta ga yau. Tsaga ta kusa ƙarewa, ba tare da wata hukuma ta gina Gidan Wanki ba. Shagunan man hasken fata sun fi shagunan littattafai yawa a kowane layi. Jikokina ba sa tura hoto sai waya ta goge musu fuska ta tsawaita hanci, har wani lokaci nakan tambayi wace ce wannan a ce mini ai Ummi ce. Duk inda ka je sai an tambayi lambarka kafin a tambayi sunanka. Na san da farko za ta yi dariyar nan tata ta ce, "Ban gaya miki ba?" Amma ba na jin dariyar za ta daɗe. Ƙauyukan da take tsoron yara za su ji kunyarsu, da yawa yanzu babu kowa a cikinsu. 'Yan bindiga sun tashe su, makarantunsu a rufe, mutanensu sun sake kwararowa cikin gari kamar zamanin fari, sai dai wannan karon babu kwangilar da za ta ɗauke su lebura.

Cikin waɗanda suka kwararo har da Tabawa. Bara wata tsohuwar ɗalibarmu ta gaya mini an gan ta a unguwar Kambarawa, a wani gidan da ba a gama ginawa ba, ita da surukarta da jikoki. An kashe mijinta da babban ɗanta a gona. Na sa aka kai ni. Ta tsufa, ta rame, kuma ta daina rufe fuskar. Tabon yana nan, fari da baƙi a haɗe, kuncin hagu kuma tsagarta jere kamar yadda na san ta. Muka yi gaisuwa, na yi mata ta'aziyya. Ita ce ta ɗauko maganar Rakiya, ta ce duk shekara idan aka gama girbi sai ta tuna da ita.

Na ga mu biyu kaɗai muka rage da za mu iya maganar, sai na tambaye ta abin da Rakiya ta mutu ba ta tambaya ba. Na ce, "Tabawa, labarin nan ne ya sa ki?"

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Malama, labarin ya yi mani daɗi. Ni ma Gambo nike so ta tsira. Kuma tun kahin labarin ana yi mani dariya, ba shi ya kawo ta ba." Ta gyara zama. "Amma ranar da ta tsai da ni gaban aji, ranar na mutu. Da can ni Tabawa ce mai iya lissahi. Daga ranar na koma huska kawai. Na yahe mata tun muna asibiti, Allah Ya sani. Sai dai da ta kira ni gehe ta tambaye ni, da na ce mata a'a."

Shekara da shekaru ni da Rakiya muna juya maganar nan, muna auna labari da manhaja da tarbiyya da zamani, amma ko sau ɗaya ba mu kawo cewa akwai wadda ya kamata a fara tambaya ba.

Yanzu irin waɗannan labarai sun cika wayoyin yara, da Hausa da Turanci, kuma na ji wasu malamai matasa suna son shigar da su aji. Wata 'yar ƙanwata da ke koyarwa ta zo ta nemi shawarata a kai. Ban ce mata kada ta yi ba. Na ga abin da labari ya yi wa yaran da ba sa magana, na ga 'yar ɗan kwangila tana kuka saboda kakar da ba tata ba, kuma cikin 'yan ajin nan akwai waɗanda suka girma suka mayar da sunayensu na asali, suka kira ni suka gaya mini. Abin da na ce mata shi ne, labarin da ya isa ya motsa yaro ya isa ya ji masa ciwo. Ta san su wa ke zaune a ajinta kafin ta buɗe shafin farko. Ta san abin da ke faruwa bayan an tashi, a inda babu malami. Kuma kada ta taɓa mayar da ɗan wani misali, ko da yabonsa za ta yi.

Idan na auna abin da ya rage na Rakiya, ba shi da yawa a ido. Babu littafi da sunanta, babu ko shafi ɗaya na abin da ta rubuta. Akwai matan Ƙofar Marusa da suka iya karanta takardar asibiti saboda ita. Akwai tsofaffin ɗalibai da suka koyi tambayar me ake karɓa a hannunsu idan an ba su wani abu. Akwai kuma wata tsohuwa a Kambarawa da ke ɗauke da tabo a kunci. Duka nata ne, kuma ba ta taɓa neman a cire mata na ƙarshen daga lissafi ba. Na san malamai da yawa da suka yi ritaya ba su ji wa kowa ciwo ba, don ba su taɓa kusantar zuciyar yaro ba balle su taɓa ta. Rakiya ta kusanta, ta yi kuskure, ta kuma tsaya kusa da kuskurenta har ƙarshen ranta.

Da zan tashi daga wurin Tabawa ta rako ni har bakin hanya, ta ce idan na yi wa Malama addu'a in sa da tata. Na sa. Allah Ya jiƙan Rakiya, Ya yafe mata abin da ta sani da wanda ba ta kai ga sani ba, Ya mayar da Tabawa da jikokinta gidansu lafiya.